Ƙyallen Atamfar Iya

Wannan babin naki ne, 'yar Iya, ko da yake ƙannenki ma za su karanta idan sun yi wayo. Na san kin fara jin maganar a bakin mutane, don ranar nan kin dawo daga rijiya idonki ja, kin ƙi faɗa min abin da aka ce miki. Ba sai kin faɗa ba. Cewa suke yi na tozarta kakarki a gaban baƙuwa, na ƙwace ki daga hannunta. Ni ba mai dogon karatu ba ce, aji huɗu na tsaya, kuma bakina ba ya iya yi miki wannan bayanin ido da ido. Shi ya sa nake rubutawa a hankali, idan na gama aikin gida, don ki san yadda abin ya kasance daga wadda ta tsaya a wurin.

Ke ce 'yar farina, kuma sunan Iya aka sa miki, mahaifiyar babanki. Kunya biyu ke nan a kaina. Ba na kiran sunanki, ba na ɗaukarki a gaban mutane, in kin faɗi kina kuka sai in kau da kai har wani ya ɗaga ki. Haka aka yi min a gidanmu, haka aka yi wa uwata. Da aka yaye ki sai Iya ta ɗauke ki zuwa ɗakinta, kamar yadda kowa ya sa rai. Kuma ki sani, ba a taɓa riƙe yaro da so irin wanda ta riƙe ki da shi ba. In ta samu tsokar nama a miya, ba ta kai ta bakinta. In za ta unguwa kina bayanta, ga ta da ciwon gwiwa, ba ta yarda wani ya karɓe ki.

Ɗakin Iya shi ne ɗaki mafi kyau a gidan. Marigayi kakanku ya gina mata shi wata shekara da auduga ta yi kuɗi, ya sa daɓen siminti da ƙofar ƙarfe. Sauran ɗakunan duk na ƙasa ne. A da, in an yi girbi, rumbunan bayan gida ake kai hatsi. To sai ɓarayi suka fara fasa rumbuna a ƙauyukan da ke kewaye da mu, har aka wayi gari an kwashe na maƙwabcinmu tas, matarsa na zaune a ƙasa tana kuka da ƙwarya a hannu. Daga nan kowa ya koma ajiye hatsinsa inda kunnensa yake. Mu kuma wurin da ke da ƙofar ƙarfe ɗaya ne. Da an casa masara an ɗinke buhuna, sai a jera su a ɗakin Iya har kusa da rufi, a bar mata siririyar hanya zuwa gado. Don kada ƙwari su cinye kafin farashi ya tashi, babanki kan sayo ƙwayar maganin hatsi ranar kasuwar Bakori. Iya da kanta ke yayyaga tsohon zane, a ƙunshe kowace ƙwaya a ƙyalle, a cusa cikin buhu. Ƙwayar tana da wari kamar na tafarnuwar da ta lalace, kuma a hankali take narkewa ta koma toka.

A girbin farko da ya same ki a ɗakin kika fara tari. Da safe ki fito kina riƙe kai, wani lokaci ki yi amai kafin ki sha koko, ƙirjinki yana ƙara kamar ana jan tsintsiya a tabarma. Iya ta ce sanyi ne, ta sa miki riga biyu. Da bai tafi ba ta ce iska ce, aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Ita ma kanta yana sara mata, amma ta ce tsufa ne. Ni kuwa da aka hana ni magana, sai idona ya koma yi min aiki. Na ga magen gidan, wadda tun tana 'yar ƙarama a ƙarƙashin gadon Iya take kwana, ta tattara ta koma madafi. Na ga tsaka a mace a ƙasa, ciki sama, duk lokacin da na shiga shara. Na ga da Iya ta tafi da ke biki Mahuta kuka yi 'yan kwanaki, kin dawo kina gudu kina dariya, sannan tarin ya dawo. Da damina ta faɗi aka sayar da buhunan, kika yi kumatu. Wata kakar ta zagayo, aka sake jera su, kika sake komawa gidan jiya, har ya fi na bara.

Na gwada faɗa wa babanki sau ɗaya, yana gyaran babur a tsakar gida, na tsaya daga gefe kamar wani abu nake nema.

"Malam, ɗakin nan na Iya, warin nan ba ya damun yarinyar nan kuwa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Wace yarinya?"

Na nuna ɗakin Iya da haɓa, sai ya gane.

"Ke yanzu 'yar farinki kike tsaya wa? To in na fitar da buhunan in kai su ina, bakin titi? Abincin shekara ne fa, da kuɗin taki, da na ɗinkin sallarku. Iya ta raini mutum nawa kafin ki zo gidan nan?"

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Gaskiya ya faɗa, ba shi da inda zai kai su. Na koma ɗaki na zauna, ina jiyo tarinki ta katanga.

Cikin wannan halin Malama Asabe ta zo. Mai unguwa ya aiko cewa wata baƙuwa daga Malumfashi tana son ganin matan unguwa, kuma da yake tsakar gidanmu ta fi faɗi, Iya kuma ita ce babba, a nan aka taru bayan azahar. Mace ce dattijuwa, gajera, da tabarau da jakar leda. A zaure ta tuɓe takalmi. An kawo mata kujera ta ƙi, ta zauna a tabarma kusa da Iya ta gaishe ta har sai da ta tambayi gwiwarta, don ta lura da yadda take miƙe ƙafa.

"Bari in faɗa muku tun yanzu," in ji ta. "Ban kawo allura ba, ban kawo gidan sauro ba, ban kawo taki ba."

Tabawa mai fura, ƙawar Iya tun suna amare, ta tafa hannu. "To me kika kawo, 'yar birni? Na bar furata tana tsami!"

"Tambaya na kawo, Gwaggo. An aiko mu ne mu auna abin da mutane suka sani. Ko kuna ganin yadda ake zaune, ruwan da ake sha, ɗakin da ake kwana, nisan asibiti, abin da ke hannu, yana da hannu a ciwon da ke kama ku da 'ya'yanku. Ba jarrabawa ba ce, ba mai faɗuwa."

"Sani za ki auna? Da mudu ko da tiya?"

"Da masara," ta ce, aka kwashe da dariya. "A taimaka min da ƙwarya guda."

Iya ta juyo ta yi min alama da haɓa. Na shiga ɗakinta, na kwance bakin buhun da aka fara ci, na zura ƙwarya. Da na ɗago sai ga ƙunshin ƙyalle a cikin masarar, tokar maganin tana zuba daga gefensa. Kina kwance a gadon kina barcin rana, bakinki a buɗe. Ban san dalilin da ya sa ban jefar da shi ba. Na ƙulle shi a bakin zanena, na sheƙe masarar a waje na kai.

Malama Asabe ta ari fayafai ta jera a tabarma, ta ɗora wa kowane hoto. Ga rijiya, ga murhu da hayaƙi, ga doguwar hanya da asibiti can ƙarshenta, ga tukunya ba komai a ciki, ga sauro, ga ɗaki cike da mutane, ga wani na sanyi da iska. Na ƙarshe ta bar shi ba hoto, ta ce na abin da su masu zanen ba su tuna ba ne. Ta ce kowace ta ɗebi masara cikin tafinta, ta raba a kan abin da take ganin ya fi kawo ciwo a gidanta. Aka zauna ana kallon juna. Sai da Iya ta miƙa hannu ta zuba nata duka a faifan sanyi da iska, sannan matan suka bi layi, ɗaya bayan ɗaya, kowa a nan. Ni ma a nan na zuba.

Da wata ce, da ta rubuta haka ta kama hanyarta, ta ce matan ƙauye ba su san komai ba. Ita kuwa ta cire tabarau ta goge da gefen hijabi tana murmushi.

"Iya, yau na ga girma. Na zo auna unguwa, na auna ki ke kaɗai. Laifina ne, ni ce ban iya shimfiɗa ba. Ki ba ni izini in sake?"

Iya ta ji daɗin maganar, ta ce a sake. Malama Asabe ta kwashe fayafan ta kai lungun da ke tsakanin madafi da katanga, ta ari zane ta rataya a igiyar shanya ya zama labule, ta kife kowane faifai da wani a sama ta ɗora hoton, yadda mai shiga ba za ta ga abin da ta gabanta ta zuba ba. Ta ce a shiga ɗaya-ɗaya, kuma ƙananan mata su fara, tsofaffi su rufe. Ita kanta ta juya wa labulen baya, ta shiga hira da Tabawa a kan farashin gero. Na yi mamakin matar nan. Ba ta fi awa guda a gidan ba, amma ta gane abin da ke ɗaure bakinmu, kuma ta kwance shi ba tare da ta taɓa mutuncin kowa ba.

Na shiga bayan labulen na tsuguna. Na duba hotunan duka, babu buhu a ciki. Na ɗaga murfin faifan da ba hoto, na kwance bakin zanena, na ajiye ƙyallen, na juye masarar hannuna duka a kansa, na rufe. Na fito na wanke hannu a bakin randa na koma can baya na zauna.

Da aka gama ta ɗauko fayafan tana buɗewa a gaban kowa. Yanzu masarar ta watsu. Rijiya ta samu da yawa, doguwar hanya ta fi ta, tukunyar da ba komai ma ta tara, har wata ta ce a hankali, "Ashe ba ni kaɗai ba ce." Sai ta buɗe na ƙarshe. Ta sunkuya ta shinshina, ta ja kai baya, ta ce a ba ta tsinke, ta ɗaga ƙyallen da shi. Ba ta tambayi wadda ta ajiye ba. Amma abin da ba ta sani ba, ni ma kuma ban tuna ba sai a lokacin, shi ne babu macen da ke wurin da ba ta san wannan atamfar ba. Shuɗiya ce mai zanen tsuntsu, wadda Iya ta ɗaura shekara da shekaru zuwa kowane suna da biki kafin ta tsufa a yaga ta. Kuma kowa ya ga wadda aka aika ɗakin ɗebo masara. Na ji idanuwa a bayan wuyana. Iya ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, ta zuba wa ƙyallen ido kawai.

Malama Asabe ta dubi fuskokinmu, na ga ta gane an samu matsala. Ba ta yi sauri ba.

"Wannan maganin hatsi ne," ta ce. "Su wa ke kwana da buhuna a ɗaki? Ni dai a gidan yayana haka ake yi."

Hannun Tabawa ne ya fara tashi, sannan wasu suka biyo baya, har ya zama waɗanda ba su ɗaga ba sun fi ƙaranci.

"To me ya kawo buhu ɗakin kwana, ga rumbuna a waje?"

Nan fa baki ya buɗe. Wannan ta ce an fasa nasu, waccan ta ce mijinta a kan buhunan ma yake shimfiɗa. Wata ta ce in ka sayar da kaka ka yi asara, in ka ajiye ƙwari su ci, in ka sa magani ka kwana da shi. Tabawa ta ce jikanta ma yana irin wannan aman, ta ɗauka maiƙo ne. Malama Asabe tana ji tana rubutawa, ba ta katse kowa ba. Da suka lafa ta rufe jakarta.

"Aikin da aka aiko ni ya ƙare a nan. Abin da zan faɗa yanzu nawa ne. Ni ba likita ba ce, amma wannan na san shi: iskar da ƙwayar nan ke fitarwa ba a kwana da ita, ta fi cutar da yara, kuma tana iya kisa. Duk yaron da ke tari da amai a irin ɗakin nan, a fitar da shi, a kai shi asibiti." Ta matsa kusa da Iya ta rage murya, amma na ji. "Iya, ba wanda ya sa hatsi a ɗaki don mugunta. Gadi kike yi wa gida."

Iya ta ce, "A gaida mutanen Malumfashi." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. In na kai mata tuwo ya dawo a rufe yadda na kai. In na gaishe ta, sai ta amsa wa katanga. Babanki ya ji labari tun a masallaci, ya shigo bai ko yi sallama ba.

"A gaban baƙuwa? A gaban matan gari? Uwata kika nuna wa duniya tana kashe jikarta?"

"Ban ce komai ba, Malam."

"Ai gara ma ki faɗa da baki!"

A rijiya in na iso sai hira ta mutu. Wata ta ce, yadda zan ji, 'yan matan yanzu ba a haife su da kunya ba. Na yi tunanin za a mayar da ni gidanmu, kuma in aka mayar da ni, ke a ɗakin za ki zauna. Wannan ne ya fi hana ni cin abinci. Abu ɗaya na lura: Iya ta fara fito da ke barcin rana a gindin dalbejiya.

Wata safiya ina tsintar shinkafa a ƙofar ɗakina, Iya tana zaton ina rijiya. Na gan ta ta lallaɓa madafi ta kamo magen, ta rungume ta tana shafa mata kai, ta shiga da ita ɗakin ta turo ƙofa. Ba a jima ba na ji yakushi a jikin ƙarfen. Tana buɗewa magen ta fito kamar an harbo ta, ta haye katanga. Iya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon inda ta bi. Ta daɗe a tsaye. Washegari tun da sassafe ta goya ki, ta ɗauki sandarta, ta tare mai babur zuwa titi, ba ta gaya wa kowa inda za ta ba. Na wuni ina leƙa zaure. Sai bayan la'asar kuka dawo, da ledar magani a hannunta da tambarin asibitin Malumfashi a jiki, ke kuma kina tsotsar rake.

Ba ta zauna ba ta ƙwala wa babanki kira.

"Kai, zo ka fitar min da gadona."

"Iya, zuwa ina?"

"Madafi."

"Haba Iya! Madafi? Me mutane za su ce, uwata a cikin toka?"

"Su ce abin da suka ga dama. Ka fitar da buhu a sace, mu ci me? Ƙofar ƙarfe ɗaya ce a gidan nan, na bar wa masara. Ka sa kwaɗo, ka toshe tagar da ke kallon tsakar gida. Ran da kunya ta ishe ka, ka gina mata nata ɗakin can bayan gida, in dawo nawa."

Ya tsaya yana murza hula. Ɗakin nan a cikinsa ta yi jinyar kakanku har ya cika, ba ta taɓa kwana wani wuri a gidan ba tun da aka gina shi. Ta shiga da kanta ta fara fito da kwanukan jerenta, tana ɗingishi, tana jera su a ƙasa. Da ya ga da gaske take, ya kama kan gadon. Tabawa ta leƙo ta katanga.

"Ke tsohuwa, yaji kika yi?"

"Yaji na yi, masara ta kore ni. Ke ma je ki fitar da jikanki ki bar leƙen gidan mutane."

Ni ina tsaye a ƙofar ɗakina, na rasa ko in taimaka ko in ɓuya. Iya ba ta yi min magana ba duk lokacin da ake kwashe kayan, kuma ba zan ɓoye miki ba, har yau akwai sauran sanyi tsakanina da ita wanda bai gama tafiya ba. Amma da rana ta kusa faɗuwa na ga ta nufo ni, ta naɗe 'yar tabarmarki a hammata, bargonki a kafaɗa, ledar maganin a hannu ɗaya, ke a ɗayan. Ta tsaya a gabana. Matan maƙwabta biyu na tsakar gidan suna kallo, ta ɗaga murya yadda za su ji.

"Madafi hayaƙi ne, ba zan fitar da ita daga wancan in kai ta wannan ba. Tawa ce, ba ba ki na yi ba. Ajiya ce. Ki riƙe min ita."

Na durƙusa na ce, "To, Iya."

Ta ɗora hannunki a cikin nawa, ta faɗa min cokali nawa ake ba ki da safe da yamma, ta sa na maimaita. Sannan ta juya ta nufi madafi tana cewa a kawo mata tuwonta da zafi. Na ja ki cikin ɗaki, na saki labule, na ɗauke ki na ɗora a cinyata, na kara kunnena a ƙirjinki.